Rasuwar Akwasi, Injin Jirgin Baban Yaa

Da zuciyar da aka ce in cika ta da baƙin ciki, ni Afiya Pokuwa, matar Kwabena Ofosu na unguwar Bantama a nan Kumasi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa e, abin da kuka ji gaskiya ne, Akwasi ya tafi! Maigidan ne ya kamata ya rubuta, to ya ce ni in rubuta kuma in sa nutsuwa. Ga nutsuwar nan ina sawa.

Wanda bai san marigayin ba, Akwasi shi ne injin ɗan ƙaramin jirgin saman nan da mijina ke tuƙawa da rimot. Girmansa bai wuce dunƙulen hannuna ba, amma muryarsa ta fi ta mai wa'azin tasha. Ran Lahadi aka sayo shi, shi ya sa aka raɗa masa sunan da muke ba ɗa namijin da aka haifa ran Lahadi, kuma tun ranar ya gaje duk wata Lahadi ta gidan nan.

Marigayin ba ya ɓoye abin da ke ransa. Akwai wata 'yar allura a gefensa da ake murɗawa don a auna masa mai. In an buɗe ta da yawa ya ƙoshi, sai ya kama tari, "burr-fat-fat-fat", yana tofar da man zurman a bangona. In an matse ta sai ya ƙwala "wiiiii" har haƙoran mutum su yi tsami. Tsakanin tarin da ihun akwai wani wuri da mijina ya shekara yana nema, a durƙushe, kunne a karkace, a daidai tagar ɗakin da jaririyarmu Yaa take barci. Take ƙoƙarin barci, zan ce.

Ciwon ajalinsa kuwa, ina so a ji shi daga bakina, domin na ji ana ta ƙananan maganganu. Kun san mai jego fari take sawa. Na shanya fararen zannuwana da na jaririya, maigidan ya zo ya tayar da Akwasi a ƙarƙashin igiya, hayaƙin nan mai maiƙo ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Baban Yaa, dubi nan. Farin jego ne wannan ko tsumman bakanike?" Ya ce, "Afiya, hayaƙin nan shi ne lafiyarsa." Na ce, "To ya je ya yi lafiyarsa a wani gidan." Abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ko wasali ba. Shi da hannunsa ya matse allurar har hayaƙin ya ɗauke.

Da Lahadi ta zo ya kai shi filin da suke taruwa, bai sassauta allurar ba. Wofa Amankwa, kawunsa, wanda shi ya koya masa wannan masifa, ya ce, "Kai Kwabena, ina hayaƙin? Ɗaga hancinsa sama mu ji." Mijina ya ce, "Wofa, ji murya fa! Yau ko mawaƙan coci albarka." Tsohon ya ce, "Kukan ƙishi ne wannan, ɗana, ba shi ya sha." Ina! Abokai na ta tafi, wa zai ji? Aka saki jirgi. Ya hau sama da ihun da bai taɓa yi ba, ya zagayo, sai aka ji "wiii, kak." Shiru. Ya gangaro a hankali cikin mutunci ya kwanta a gonar rogon mutane. Da aka isa gare shi jikinsa zafi rau, farfela ta ƙi juyawa. An ce cikinsa ya ƙone ya manne. Bai sha wahala ba, mu ne muka sha.

Ya rasu ya bar farfela mai tsaga, da rabin galan na mai, da rimot wanda yanzu maraya ne, da tabon da ya yi wa mijina a yatsa. Kajin maƙwabciyarmu Anti Konadu ma suna cikin masu makoki, baƙin ciki ya sa sun koma yin ƙwai.

To ku ji babban labarin, don na gaji da riƙe shi! Jiya Yaa ta yi barci tun bayan cin rana har inuwa ta kai bakin ƙofa. Da ta farka ubanta na zaune ya yi tagumi, na ɗora masa ita a cinya. Da can in ya ɗauke ta sai ta tsala kuka, warin man nan ne ba ta so. Jiya ta shinshina, ta kalle shi, ta kama yatsan nan mai tabo, ta yi dariya. Dariyarta ta farko a duniya! Ya ce, "Afiya, ashe haka take?" Na ce, "Haka take, ranka ya daɗe, sannu da zuwa gidanka."

Za a yi jana'iza ran Asabar da hantsi a gindin mangwaron gidanmu. An samu gwangwanin madara daidai shi. A zo da ja da baƙi yadda aka saba. Ni dai za ku gan ni cikin fari tas, al'adar jego ce, kada wani ya fassara. Akwai fufu da miyar akuya. Mai son kawo gudummawa ya kawo sabulu, ba ma karɓar duk abin da ke da allura a gefe.

Don Allah wanda ya karanta ya tura wa na gaba, kowa ya ji. Ban da Wofa Amankwa. Na ji da kunnena yana cewa marigayin yana da ƙane a akwati ƙarƙashin gadonsa, kuma ran jana'iza zai kawo shi ta'aziyya. In ya tambaye ku, ku ce an ɗaga.