Buhun Baba na Ruwan Godiya

Har gobe ba zan taɓa mantawa da makona na biyu a ɗakin kwantar da maza ba. Lokacin kuɗin fetur sun shigo, kowace kasuwa daga Kankara zuwa Sabuwa ta cika da masu tallan ƙwayoyi, don haka aka ɗora mini aikin rubuta duk maganin da majinyaci ya zo da shi kafin likita ya rubuta nasa. Ni kuwa sabuwar nas, farar riga ta sha guga, ina ji da kaina kamar ni na gina asibitin.

Aka kawo wani dattijo daga Ruwan Godiya, jiri na ɗibarsa, rungume da ƙaramin buhu. Na gaishe shi a tsaitsaye, na zazzage buhun a kan gado, na hau rubutu. Ƙulli goma sha ɗaya! Ya buɗe baki zai yi magana, na ce ya huta, na san aikina (kaico, ni ɗin nan).

Da likita ya zo zagaye, ɗalibai biye da shi, na gyara murya na karanto jerin. Na ce Baba yana shan maganin tari, da na ciwon ido, da ƙwayar ƙarin jini ta masu juna biyu, da wata ƙatuwar ƙwaya ta tsutsar shanu. Na ƙara da cewa ba ya shan komai na hawan jini, alhali katinsa ya nuna yana da shi. Likita ya ɗauki biro zai rubuta masa mai ƙarfi.

Sai Baba ya ɗaga hannu a hankali.

"Ɗiyata, wanga duk sallahu ne. Mutanen gari suka ji zan taho birni, kowa ya ba ni samfurin nashi in sawo mishi. Na cikin na surukata ne, babbar kuma ta bijimin maƙwabcina."

Ya cire hularsa, ya zaro wani ƙullin takarda daga naɗinta. Nasa ke nan, na hawan jini, irin wanda likita ke shirin rubutawa. Ashe ma biyu-biyu yake sha don ya warke da wuri, abin da ya kawo jirin ke nan. Da an ƙara masa wani a kai, Allah kaɗai ya san inda za a kwana. Don kunya, dariyar ɗalibai ma ban ji ta sosai ba.

Baba bai riƙe ni a zuciya ba. Bayan wata biyu ya aiko mini da ƙwan zabi cikin ƙwarya, da saƙon a gaya wa ɗiyarsa, wato ni, ya sauka lafiya, surukarsa kuma ta haifi namiji.

Shekara talatin na yi ina wannan aiki. Ban sake taɓa ƙullin kowa ba sai na zauna na tambaya wanne ne nasa, kuma kafin in rufe takarda sai na ce, "Baba, a taimaka a cire hula."