Kwaɗo a Waje, Ni a Ciki

Na yi abin kunya iri-iri a rayuwa, mafi yawansu kuma Allah ya rufa asiri sun bi ruwa. Amma ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Funtuwa ba, ranar da na kulle kaina a ɗaki, kwaɗo a waje ni a ciki, mahaifina kuma yana zaune a tsakar gida yana jiran in dawo daga unguwa.

Shekarar da na gama karatun akanta ke nan. Kafin a kira mu hidimar ƙasa sai na samu koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Funtuwa, albashin ba yabo ba fallasa. Ni kuwa a lokacin ji nake duk garinmu Mahuta babu wanda ya kai ni sanin kan kuɗi. Ranar da zan tashi, Baba ya sa aka auna mini masara rabin buhu da wake, aka ajiye a zaure. Na gyara tsayuwa a gaban Kawu Lawal, ƙanen Baba, da yayyena biyu, na ce, "Baba, na gode, amma a mayar rumbu. Shekarar nan ko ƙwayar hatsi ba zan karɓa daga hannunka ba. So nake a ga na riƙe kaina."

Baba ya dube ni ya ce Allah ya taimaka. Inna kuwa daga cikin gida na jiyo dariyarta, na ɗauka farin ciki ne. (Har yau in na tuna yadda na ɗaga yatsa sama ina wannan jawabi, sai in ji kamar in nutse.)

Na kama ɗaki ɗaya a gidan wani dattijo, Malam Idi, kusa da tashar da motocin wajenmu ke sauke fasinja. Ranar farko, tun kafin in shimfiɗa katifa, na sayo farin kwali na ja layuka da rula, na tsara yadda albashina zai tafi: haya, abinci, wuta, ruwan 'yan garuwa, kati, sabulu, aski, sai ɗan abin ko-ta-kwana. Kuɗin acaɓa na soke shi, na ce ƙafa ma ai abin hawa ce. Shinkafa kuwa da gwangwanin madara na auna ta, na san gwangwani nawa ke cikin tiya, na kuma san ranar da za ta ƙare. Na manna kwalin a bango saitin katifa don ya zama abin da zan fara gani in na farka. Wallahi kwalin ya yi kyau. Abu ɗaya kawai na manta: ni ɗan Mahuta ne, kuma ɗakina na bakin tasha.

Ba a yi sati biyu ba baƙi suka fara sauka. Wanda ya zo sayen taki, wanda ya kawo waken suya kasuwa, wadda ta kawo jikanta asibiti, wanda ya zo banki aka ce babu sabis ya dawo da la'asar. Duk wanda rana ta yi wa zafi a Funtuwa, sai ya tuna ai Akanta yana nan (sunan da suka laƙaba mini ke nan). A yi sallama, a yi alwala da ruwan da na saya, a yi sallah, sannan a miƙe ƙafa a fara ba ni labarin gida. Kuma ka san ba a barin baƙo ya tashi bai ci komai ba. Sai in ɗora tukunya ina murmushi, zuciyata kuwa tana ƙirga gwangwani. Kawu Lawal shi ne ya fi ba ni tsoro, don shi in ya ci ya ƙoshi sai ya ce abincin ya yi daɗi, a ƙaro kaɗan ya tabbatar.

Gaskiya ba su zuwa hannu rabbana. Kowa da 'yar baƙar ledarsa: wannan garin masara, wancan wake, wata kuka da daddawa, wani lokaci har man gyaɗa a gorar lemo. Sai in ce an gode, in jefa ledar bayan ƙofa. A ganina tsarabar ƙauye ce, ba abin da za a ɓata biro a kai ba. In na tashi girki dai nakan laluba can in ɗauki abin da hannuna ya taɓa.

Bayan wata uku na zauna na yi bita. Layin abinci duk ya yi ja. Na kama kai, na ce lallai in aka ci gaba a haka, kafin damina zan koma gaban Baba in lashe amaina, su Kawu Lawal suna kallo. Nan take na yanke hukunci biyu. Na farko, na jingine gas na koma gawayi da kurfoti. Na biyu kuwa, shi ne wanda Shaiɗan ya taya ni tsarawa.

Tagar ɗakina tana dab da ƙofa. Na gano cewa in na zura hannu ta tsakanin ƙarfunan tagar, ina iya kai wa ga kwaɗo. Don haka duk ranar kasuwa da ranakun da ba makaranta, sai in shige, in zuro hannu in datse kwaɗon ta waje, in sa makulli a aljihu, in kashe ƙarar waya. Baƙo zai zo ya yi ta sallama, ya ga kwaɗo, ya juya. Sau biyu ina jin muryar Kawu Lawal yana cewa yaron nan ya zama ɗan yawo, ni kuwa ina kwance ina toshe baki. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Har na fara tunanin ya kamata a riƙa koyar da dabarar nan a makarantu.

Abin mamaki, watan da na kori baƙi shi ne watan da na fi shan wuya. Bayan ƙofa ya yi fayau. Miya ta koma ruwa da gishiri. Kuka da a da ban san ana sayenta ba, sai ga ni a kasuwa ina tayi. Kafin ashirin ga wata, abin da ya rage mini a duniya shi ne wake gwangwani biyu. Na ɗora laifin a kan tsadar kaya, na kuma yi wa 'yan kasuwa addu'ar shiriya.

To, a wannan hali Asabar ɗin ta same ni. Da hantsi na datse kwaɗo kamar kullum, na hura gawayi a lungun ɗaki, na ɗora waken nan na ƙarshe. Ya fara tafasa ke nan sai na ji sallama a zaure. Muryar da ko a cikin kasuwa na ji ta zan gane. Baba ne.

Mai hankali da sai ya zura hannu ya buɗe, ya sha kunyar minti ɗaya ya huta. Ni kuwa sai na yi tsalle na kwanta rub da ciki a gindin taga, na manne da bango, don nan ne kaɗai ba a hangowa daga waje (labulen nawa rabin tsohon zani ne, na soke kuɗin labule tun ranar farko). Na ji Malam Idi yana yi masa maraba, yana cewa da alama malamin ya fita tun safe, ga kwaɗo nan. Na yi ta addu'a Baba ya ce zai je kasuwa ya dawo. Sai ya ce ai ba ya sauri, zai jira. Aka jawo benci ƙarƙashin darbejiya, suka zauna suna fuskantar tagata.

Daga nan suka shiga hira, ni kuma ina kwance ina sha. Baba ya ce Lawal ne ya gaya masa sau biyu yana tarar da ɗakin a kulle, shi ya sa hankalin uwar yaron ya tashi, ta ce lallai a zo a duba ko lafiya. Ya ce yaron yana da zuciya, tun yana ƙarami ba ya son a ce ya kasa, kuma duk Mahuta ana yabon yadda yake karɓar baƙi. Malam Idi ya ce ai shi bai taɓa samun ɗan haya mai natsuwa irina ba, wani lokaci sai ka rantse ba kowa a ɗakin. Ban taɓa jin yabo ya yi mini ɗaci kamar na ranar ba.

Ana cikin haka ruwan wake ya ƙone. Da farko ƙauri ne kaɗan, na ce ƙila iska ta ɗauke shi ta wani gefen. Sai hayaƙi ya fara tashi. Kurfotin yana can lungun da ake gani sarai daga taga, in na motsa an gan ni. Na tura hular kaina a baki don kada in yi tari, hawaye na zuba, ina kallon abincin ranata da na darena suna zama gawayi.

Matar Malam Idi, Hajiya Larai, ita ta fara gani. Ta saki kwanon da take wankewa ta kwarma ihun gobara. Kafin ka ce me, gida ya cika: 'yan haya, maƙwabta, mai shayin ƙofar gida, har da wasu 'yan acaɓa. Hajiya ta ɗauko bahon wanke-wankenta ta sheƙa ta taga. Ko ɗigo bai kai kurfoti ba. Duk a kaina ya sauka, da kumfarsa da guntun tuwonsa. Wani ya biyo da bokiti, shi ma haka. Na jure. Wallahi na jure, don na riga na yanke cewa gara in mutu a gindin tagar nan da in fito.

Sai na ji Malam Idi yana cewa a kawo guduma a fasa kwaɗon, in ya ƙi a ɓalle ƙyauren gaba ɗaya, in malamin ya dawo sai ya kira kafinta ya biya gyara.

Ya biya gyara. Nan fa akantan da ke cikina ya farka. Sabon kwaɗo, da ƙyaure, da kuɗin kafinta, alhali layin ko-ta-kwana ya daɗe da rasuwa. Ban san lokacin da hannuna ya fita ta taga ba, jiƙe sharkaf, riƙe da makulli.

"Kada ku fasa," na ce da wata 'yar siririyar murya. "Ga makullin."

Hajiya Larai ta ja da baya tana salati. Baba ne ya tako da kansa ya karɓi makullin daga hannuna, ya buɗe. Na miƙe tsaye, ɓawon albasa manne a goshina, na durƙusa na ce, "Baba, sannu da zuwa. Ya hanya?" Wani ɗan acaɓa ya fara fashewa da dariya, daga nan kowa ya kama. Na yi ƙoƙarin cewa barci ne ya kwashe ni, sai mai shayi ya tambaya ko a cikin barcin na kulle ta waje.

Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Ya ba jama'a haƙuri suka watse, ya fitar da kurfotin waje, ya zauna a gefen katifar da bai jiƙe ba. Idonsa ya sauka a kan kwalina. Ya ce in karanta masa. Na karanta tun daga haya har aski, na kuma yi masa bayanin jan layin abinci, da yadda baƙi suka nemi karya ni. Ya saurara har na gama.

"Na ji abin da suka ci," in ji shi. "Ina ka rubuta abin da suka kawo?"

Na ce ai wannan 'yar tsaraba ce kawai.

"Tsaraba ce. Ka ce ba za ka karɓi hatsi daga hannuna ba, ni ma ban ba ka ba. Amma duk mai zuwa Funtuwa ta ƙofar gidanmu yake bi, uwarka ta damƙa masa leda. Wata uku kana cin rumbuna, Akanta, kana yi wa masu dakonsa rowa."

Ya jawo buhun da ya shigo da shi, ya fito da leda uku. Biyu su ne waɗanda Kawu Lawal ya koma da su gida, ta ukun ta ranar ce. Sai a lokacin na gane dariyar da Inna ta yi ranar da na ɗaga yatsa. Kunya ta kama ni, amma gaskiya wani sanyi ma ya ratsa ni, irin wanda yaro ke ji in ya waiwaya ya ga ashe ana biye da shi. Na karɓa da hannu biyu. Tuwon da na tuƙa mana da garin masarar da ke cikin ledojin, ni da Baba muka cinye shi tas, babu wanda ya ƙirga loma.

Da zai tafi na raka shi tasha. Ya sa ƙafa ɗaya a mota, ya juyo ya ce, "Kwaɗon nan naka mai kyau ne. Ka riƙa sa shi in ka fita."

Labari kuwa ya riga shi isa Mahuta, ta bakin wani direban da ya riga motarsu tashi. Daga ranar sunan Akanta ya mutu, na koma Mai Kwaɗo, har 'ya'yan yayyena haka suke kirana. Sati na zagayowa Kawu Lawal ya iso, ya ƙwanƙwasa ƙofar da ke buɗe wangale, ya tambaya ko ina ciki ko na fita. Ya ci, ya ƙoshi, ya nemi ƙari, na zuba masa da hannuna.

Na sake kwali, na ƙara layin baƙi, na ƙara na tsaraba a gefensa. Shekarar ta ƙare ban roƙi kowa komai ba, amma ban ƙara buɗe baki na ce ni kaɗai na riƙe kaina ba. Abin da na koya dai shi ne, kafin ka kori mutum don yana ci maka abinci, fara leƙa ledar da ke hannunsa. In kuma ka nace sai ka ɓuya, to, don Allah sauke tukunya tukuna.