Ranar da Keke Ya Hau Ni a Bakin Ngadda

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da muka buɗe kwale-kwalen unguwarmu ba, ko da na so mantawa 'yan kasuwa ba za su bar ni ba.

Tun da aka hana babur a garin nan kowa ya koma keke, ni kuwa sayar da kekuna ce sana'ata. Matsalarmu damina. Da kogin Ngadda ya cika, mai zuwa Kasuwar Litinin sai ya yi dogon zagaye ta gada. Shi ne muka yi karo-karo muka sayi kwale-kwale, muka ɗauki Ba Modu, tsohon masunci, ya riƙa tuƙawa. Abu ɗaya ya rage: Bulaman tsallake, wato mai unguwar can, bai yarda ya ba mu wurin sauka ba. Ya ce sai ya ga mutum ya ƙetare da kekensa, ya hau ya wuce lafiya. In bai gani ba, mu nemi mai sayen jirginmu.

Na ce ni zan fara. (Ba jarumta ba ce, talla ce.) Na zaɓi sabon keke fil, na sa babbar riga. Ina kwantar da shi cikin jirgi sai hannuna ya yi abin da ya saba, ƙyas, na kulle ƙafar baya. Ni ko masallaci zan shiga sai na kulle keke. Na rataya makullin a ɗan yatsa.

Ba Modu ya tura gora. Wallahi ban san ruwan garinmu na da kyau haka ba. Hayaniya ta koma baya, rana ta kwanta a kan ruwa kamar an shimfiɗa shadda, balbelu na wucewa ƙasa-ƙasa. Na sa hannu a ruwa ina jin sanyinsa. Nan na fara ganin jiragena goma jere, kowanne shaƙe da kekunan shagona, ana gaishe ni daga gaɓa zuwa gaɓa.

"Alhaji, mun iso," in ji Ba Modu.

Ga Bulama a kan kujera, ga jama'a, har da masu ɗaukar hoto da waya. Na sauke keke, na tattare riga, na taka feda. Ko motsi. Na dubi yatsana, fayau. Makulli na can tsakiyar Ngadda tare da jiragena goma.

"Lale, Alhaji," Bulama ya ce. "Ko keken ma tsoron ruwa ya kama shi?"

Na ga jirginmu na shirin zama itacen girki. Na saɓa keken a kafaɗa, na hau gangaren nan ina haki, hula ta karkace. Wani mai kifi ya ɗaga murya: "Alhaji, ka buga masa ƙararrawa mana, kada ya kaɗe mutane!"

Bulama ya yi dariya har da share hawaye. Ya ce mutumin da ya yarda keke ya hau shi a gaban jama'a don unguwarsa, ba a hana shi wurin sauka.

Har yau jirgin na aiki, kuma har yau ina shiga. Sai dai in mafarki ya zo, hannuna na cikin aljihu. Ba Modu kuma bai fasa tambayata ba: "Alhaji, yau wa zai hau wani?"