Yadda Littattafaina Suka Bi Kayan Gara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai ni gaida surukina ba, kwana uku bayan ɗaurin aurena. Amma bari in faro muku daga tushe, don ku san cewa ba wanda ya ja min, ni na ja wa kaina.

Tun tasowata a Gaya an san ni da abu ɗaya, karatun littafi. Ba fa na makaranta ba (wannan kam sai dai a ce Allah ya rufa asiri), littattafan labari nake nufi, musamman na soyayya. Muciya a dama, littafi a hagu, haka nake tuƙa tuwo. Miyar da na ƙona a gidanmu ta isa a yi walima da ita. Akwai ranar da aka aike ni Kademi wajen kakata, na shiga mota na buɗe littafi, ban ɗago kai ba sai da na ji direba ya kashe mota yana cewa, "Hajiya, nan fa ƙarshen tafiya ne." Mun wuce Kademi tun tuni. Da waya ta zo hannuna na ƙara da karatu a cikinta, amma ba ta raba ni da na takarda ba. Ƙarƙashin gadona buhu biyu ne shaƙe da su, wasu ba bango, wasu an ɗinke su da zare.

Sai ga Nura ya fito neman aurena. Malamin firamare ne a Gafasa, can ƙasar Ajingi, mutum mai sanyin hali, mai wani tsohon babur da sai an tura yake tashi. Mahaifinsa babban malami ne, mai ba da karatu a zaure, kowa Baba Malam yake ce masa. Ina son Nura, yana sona, iyaye suka daidaita, aka sa rana bayan an gama girbi.

Wayyo, zumuɗin da na yi! Kullum ƙafata na hanyar gidan tela. Aka kawo lefe, na kwana biyu ina buɗe akwati ina rufewa. Aka je Kano aka yi sayayyar kayan ɗaki. Gidanmu ya cika da mata, wannan na suyar alkaki, waccan na murza dubulan, ga dakan nakiya ana yi ana waƙa. Ni kuwa an shafe ni da dilka an zaunar a ɗaki, ina ta murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Ana saura kwana biyar Umma ta shigo ta same ni na jawo buhunan nan ina kakkaɓe musu ƙura.

"Ina za a da waɗannan?"

"Gafasa mana, Umma."

Ta riƙe haɓa ta dube ni. "Wallahi ko takarda ɗaya ba za ta bi ki ba. Gidan malamai za a kai ki. So kike a ce mun aiko musu da yarinyar da ba ta da aiki sai karatun masoya? Ki bar su nan, in kin zo ganin gida kya gaisa da su."

Na yi magiya, na yi hawaye, har na ce ai Nura ya sani. Ta ce Nura daban, gidan su Nura daban. Ta fice abinta.

A nan ne shaiɗan ya zo min da shawara, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu. A ɗakina aka jibge kayan gara, wato abincin da dangin amarya ke kai wa gidan ango: buhunan shinkafa, jarkokin mai, bokitan alkaki, da kwalayen taliya an jera su jikin bango. Na samo wani kwalin taliya da ba komai a ciki, na zauna na tace littattafan da ba zan iya rabuwa da su ba (sai da na yi kamar zan yi kuka wajen zaɓen), na shirya su tsaf, na liƙe da salatif. Har ɗagawa na yi na gwada nauyinsa da na gaskiyar, na ji ya ɗan ɗara, na zare guda uku. Na ɗauki biro na yi ɗan zane kamar tauraro a kusurwarsa, na cusa shi can ƙasan sauran. A lissafina, da an sauke kaya a gidana sai in lallaɓa in janye nawa. Na tafa wa kaina, na ce lallai karatu ya yi rana.

Abin da na manta, duk da tarin karatun nan nawa, shi ne amarya ba ta da ƙafa. Tun da aka lulluɓe ni da mayafi aka sa ni a mota, sai inda aka ajiye ni. Kuma gara ba ɗakin amarya ake kai ta ba. Tsakar gidan su ango aka sauke ta, Gwaggo Talatu, yayar babanmu, ita ta jagoranci kaiwa, aka yi ta rangaɗa guɗa. Ina daga ɗaki ina jiyo dangin Nura suna sa albarka, "Kai, mutanen Gaya sun yi ƙoƙari, Allah ya saka da alheri." Daga nan Inna, mahaifiyar Nura, ta shiga rabo. Wannan na gidan wane, wancan na gidan wance. Abin da ya rage aka kawo min.

Da ɗaki ya ɗan sarara na tashi na bi kwalayen da aka kawo ɗaya bayan ɗaya. Ba tauraro. Na juya su, na kifa su, na sake dubawa. Babu. Na so in gaya wa Nura, amma da wane baki? Amaryar kwana biyu ta ce wa ango ta yi fasa-ƙwauri a cikin gara? Na koma ina ta addu'ar Allah ya sa kwalin ya faɗa hannun wata tsohuwa da ba ta iya boko ba, ta hura wuta da su (Allah ya yafe min, littattafan da nake ji da su kamar ƙannena).

Washegari da hantsi aka ce in shirya, za a kai ni in gaida Baba Malam ya sa min albarka kafin 'yan rakiya su koma Gaya. Na sha ado, na ja mayafi har ƙirji, Gwaggo Talatu na riƙe da hannuna, Inna na gaba. Muka yi sallama a ɗakin Malam. Yana zaune kan buzu, littattafan addini jere a bayansa, gefensa ga amininsa, wani limami da ya zo biki daga Balan. Nura na rakuɓe a bakin ƙofa. Na durƙusa na gaishe su da muryar da ni kaina ban san ina da ita ba.

Malam ya fara nasiha, a kan haƙuri, da riƙon amana, da gaskiya tsakanin ma'aurata. Ina ta gyaɗa kai. Sai na ɗan saci kallo ta ƙasan mayafi, idona ya sauka kan wani kwali a jingine da bango, dab da gwiwar Liman.

Ga tauraro nan yana kallona.

Daga nan ban ƙara fahimtar ko kalma ɗaya ta nasihar ba. Na shiga karanto duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa. Aka shafa fatiha, na ce alhamdu lillahi, yanzu za mu tashi. Sai Liman ya gyara babbar riga ya ce shi ma zai kama hanya.

"A'a, Liman, ba ka tafi hannu rabbana ba," in ji Malam. "Kai Nura, buɗe kwalin nan ka ɗebar masa taliya ya kai wa iyali, su ma su ɗanɗani arzikin amarya."

Nura ya jawo kwalin tsakiyar ɗaki, ya sa mukullin babur ya tsarge salatif ɗin. Ƙarar nan har yau tana kunnena. Ya zura hannu, ya tsaya. Ya leƙa. Ya ɗago ya dube ni, ya sake leƙawa.

"Mene ne?" in ji Malam. "Ɓera ya shiga?"

A hankali Nura ya zaro na saman. Bangonsa ja wur, ga hoton wata budurwa ta langaɓe kai, wani saurayi na miƙa mata fure.

Gwaggo Talatu ce ta fara magana. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam, wallahi tallahi taliya muka saya. Mai shagon nan ya cuce mu! Ku bar ni da shi, yau sai ya san ni 'yar wace ce." Ita abin da ta hango shi ne a ce mutanen Gaya sun yi cikon gara da takardu. Wannan magana in ta fita, Umma ba ta ƙara ɗaga kai a taron biki.

Malam ya miƙa hannu ya karɓi littafin, ya laluba aljihu ya ɗauko tabarau (ashe ya iya boko sarai, ni da nake ta fatan ajami kaɗai ya sani). Ya buɗe bangon ya karanta sunana da na rubuta da manyan baƙaƙe, da na babanmu, har da unguwarmu.

"Hajiya Talatu," ya ce, "a bar mai shago ya sha ruwa. Ga mai kaya nan kusa da ke."

Gwaggo ta juyo ta dube ni. Ta cikin mayafi na ji zafin kallon.

Da a nan abin ya tsaya da na gode wa Allah. To akwai wata ɗabi'a da na ɗauka tun da aka sa mana rana, wadda ban taɓa gaya wa kowa ba. Duk littafin da saurayin ciki ya burge ni, sai in bi shi shafi-shafi da biro ina soke sunansa ina rubuta na Nura a sama. Wannan jan littafin kuwa na fi ƙaunarsa, don haka ban tsallake ko wuri ɗaya ba.

Malam ya buɗe tsakiya, ya matso da shi kusa da ido, ya yi gyaran murya irin ta mai shirin fassara. Ya karanta yadda Nura ya sauko daga jirginsa na kansa, da yadda Nura ya shiga wata doguwar mota baƙa, ma'aikata na rusuna masa. Ya sauke tabarau kan hanci ya dubi ɗansa.

"Kai Nura, yaushe ka sayi jirgi ban sani ba? Kana da wannan kake barina ina tura maka babur?"

Liman ne ya fara fashewa. Ya yi dariya har hularsa ta zame. Inna ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na girgiza. Nura ya sunkuyar da kai kamar ya shige cikin kwalin. Ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

"Baba, ku yi haƙuri," na ce, ina kuka wiwi. "Umma ta hana ni, ni na saka. Ba wanda ya sani. Don Allah kada a ga laifinsu."

Malam ya bari dariya ta lafa, sannan ya rufe littafin ya mayar cikin kwalin da kansa.

"Share hawayenki, 'yata. Gidan nan ba a korar takarda. Amma kin ji abin da na ce ɗazu a kan gaskiya, ko hankalinki na kan kwali?" Na ce na ji (ƙarya ce, kun sani). Ya ce, "To ki kira mahaifiyarki ki ba ta haƙuri, don ita kika saɓa wa, ba ni ba. Kuma tunda kina da idon karatu haka, akwai darasin mata ranar Asabar da Lahadi, zan ga ko za ki bi shafi-shafi kamar yadda kika bi wannan." Ya juya wajen amininsa. "Liman, sai haƙuri, taliyarka ba ta dafuwa. Nura, je ka ɗauko masa ta gaske a ɗakin amarya."

Muna fitowa tsakar gida Gwaggo Talatu ta kama kunnena ta cikin mayafi ta murɗa. Umma kuwa da na kira ta, ta yi salati ya fi sau biyar, ta ce, "Ni kam na haifi jaraba." Can kuma na jiyo ta tana ba maƙwabciyarmu labari tana ƙyaƙyata dariya, ta manta ba ta kashe wayar ba.

Kafin sati ya zagayo labari ya gama Gafasa. Nura ya koma Mai Jirgi, har abokan aikinsa haka suke kiransa. Matan unguwa kuma suka dinga sallama suna cewa, "Amarya, a sam mana taliya ƙulli ɗaya, jibi mu dawo da ita." Inna da kanta, in mun zauna ɓarar gyaɗa da yamma, sai ta ce, "Ɗauko mana na mai jirgin nan, ina muka tsaya?" In na zo kan sunan sai in yi tsalle in ce "wane", ita kuma ta ce, "Faɗi mana, ai ni na raɗa masa."

Abin da na koya dai ba shi da yawa, amma na biya shi da tsada. In za ki ɓoye abu, kada ki ɓoye shi a cikin abin da aka yi don a raba wa jama'a. In kuma son miji ya ɗebe ki har kika ga sai kin rubuta sunansa a littafi, 'yar'uwa, ki nemi fensir.