Rasuwar Teburin Karatun Auta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɓacin ran da ya ƙi kwanciya, Kafinta, babban wa a gidan, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Teburin Karatu, wanda ya faɗi a ɗakin ƙaninsa Auta ranar Talata da hantsi, bai sake tashi ba.

Marigayin ɗan gida ne. Kafinta ne ya fere ƙafafunsa, ya goge shi har mutum na ganin fuskarsa, lokacin da Auta ya sami shiga babbar makaranta. Shi bai yi nisa a boko ba, don haka a jikin ƙanin nasa ya auna tsayin.

Shaidar da za a yi wa mamacin ita ce kamun kai. Ba ya walƙiya, ba ya tsegumi, bai taɓa kiran kowa ya zo ya ga rawar da wani ya taka a wata duniya ba. Maganarsa ɗaya ce: in an ɗora masa gwiwar hannu ya ce "ƙiii". Inna takan jiyo daga tsakar gida ta yi hamdala, yaro na karatu. An daɗe rabonta da wannan hamdalar.

Ciwon ajali ya soma ne ranar da Auta ya janye shi daga hasken taga zuwa bango mai damshi, don kawai can soket yake, gimbiya Waya ta sami wurin kishingiɗa tana shan caji. Littattafai suka tsufa a shafin farko. In an yi magana Auta ya ce anjima. In anjima ta yi, ya ce gobe da sassafe, ƙwaƙwalwa ta fi ɗauka. Ya kalli bidiyon yadda ake tsara lokacin karatu har ya isa ya koyar, ya tura wa abokansa 'yan abi-yarima, suna ta yi masa jinjina. Gara kuwa ba ta san anjima ba. Ta sami katakon da ba mai girgiza shi, ta shiga aikinta ba hutu. A ɗakin nan kaf, ita kaɗai ta gama abin da ta fara.

Ranar da abin ya faru, Auta ya ɗare kan teburin ya zauna, zai ɗauki hoton ana fama da karatu. Marigayin ya ce "ƙiii". Inna ta soma hamdala, sai ta ji rugum. Da Kafinta ya shigo, ya tarar da Auta durƙushe yana shafa fuskar Waya. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Dama mugu ba ya mutuwa da wuri.

Teburin ya rasu ya bar kujera marainiya, fitila, littattafai sababbi fil, da jarrabawar maimaici wadda makaranta ta ce ita ce ta ƙarshe: in Auta ya sake faɗuwa, ya kwaso kayansa.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da safe zuwa shagon Kafinta, Auta ne zai ɗauka a ka. Ƙafafun za a ƙone su. Saman kuwa da sauran rai, za a mai da shi benci. A kansa Auta zai zauna da littattafansa kullum har ranar jarrabawa, Waya na kulle a akwatin ƙusoshi. Ba a karɓar ta'aziyya ta saƙo.

In ya ci, yayansa zai yi masa sabon tebur da farin ciki. In ya faɗi, ba sai ya tashi daga bencin ba. Zarto na rataye daidai kansa.