Rasuwar 'Yar Kwalbar Kumfa da Ta Zauna Mani a Firji

Da zuciyar da aka ce ya kamata ta cika da baƙin ciki, ni Halimatussa'adiyya, wadda matan Dutsin-Ma suka fi sani da Iya Mai Ƙanƙara, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar baƙuwata, 'yar kwalbar kumfa, wadda ta cika ranar Laraba bayan azahar a tsakar gidana.

Marigayiyar ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba. Mijin ɗiyata Fiddausi ne ya kawo ta, wato Malam Mutawakkil, wannan mai karatun da ba ya ƙarewa. An aiko mashi da ita daga ƙasar waje a cikin akwati uku, kamar lefe. Ya ce wutar unguwarsu ba ta zama, firjina kuwa na hasken rana ne, don haka a nan za ta sauka har ranar gwajinsa. Da yake suruki ne ba ya shiga ɗakina. Daga zaure yake durƙusawa ya ba Fiddausi dokoki, ita kuma ta kawo mani: kada a daskarar da ita, kada ta ji ɗumi, kada a yawaita buɗe ƙofa.

Game da halayenta na kirki, zan faɗi abin da aka faɗa mani, don ni dai ban ga ko ɗaya ba. An ce ruwan cikinta cike yake da kumfa ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Wai a yi allurarsu cikin jijiya tare da magani, sannan a ɗora irin na'urar da ake duba cikin masu juna biyu, ta saki ƙarar da kunne ba ya ji. Da jin ƙarar sai kumfar ta kama rawa, ta kumbura ta saɓe, tana dukan fatar ƙwayoyin jiki har ta buɗe 'yar kafa, magani ya shige, kafar ta rufe. Na ce wa Fiddausi ashe sana'armu ɗaya. Ni ma haka nake yi wa mace mai zurfin ciki, in yi ta taɓa ta a hankali har baki ya buɗe, kuma ban taɓa neman firjin kowa ba.

Marigayiyar mai kawaici ce. Duk zamanmu ban ji ta ce komai ba sai “ƙil-ƙil” in an buɗe ƙofa. Amma da wannan shirun ta kashe mani gida. Tunda aka hana firji daskarewa, ƙanƙara ta ƙare, matan da ke zuwa saye su zauna su sauke mani labari suka koma gidan Hassana na bayan masallaci. Hassana, wadda ko labarin haihuwar akuya ba ta iya kaiwa ƙarshe ba ta ɓata shi ba. Aka yi saki biyu a layinmu, ni sai a bakin mai sayar da kalanzir na ji.

Jinyar ajali ta zo ne ta hannun Gwaggo Aishatu ta Kurfi, yayar mahaifin Mutawakkil, wadda ta sauka wurina don ganin likitan gwiwa. Ta buɗe firji neman ruwa, ta tambaye ni wace ce wannan. Baƙuwa ta yi tambaya, ba a yi mata rowar amsa. Na gaya mata abin ɗanta ne, mai buɗe wa magani hanya ya shiga har ƙashi, sai dai ba ya aiki sai ya ji ƙarar na'ura. Daga nan na tafi alwala, kuma kowa ya san alwalar tsohuwa ba ta sauri.

Ina bayan ɗaki na ji kalmar marigayiyar ta ƙarshe: “fiss.” Gwaggo ta ɓalle murfin da tsinin wuƙa. Ko da na fito ta kwaɓa ta da man zafi ta shafe gwiwa, ta ɗora rediyona a kai ta ƙure murya, ana sanarwar taki. Da yamma ta taka da ƙafarta har zaure, ta ce wa Mutawakkil rabonta da jin sauƙi haka tun kafin damina, ta sa mashi albarka, ta ce ya samo mata ta ɗaya gwiwar. Yana durƙushe, gwaggo a gabansa, suruka a bayan labule. Ya yi mata fatan ƙarin sauƙi.

Marigayiyar ta bar Mutawakkil da gwajin da ba a yi ba, da Fiddausi wadda ke ta ɗaukar mashi abinci yana dawowa ba a taɓa ba, da akwatunanta uku waɗanda na zuba wa daddawa. Ba ta bar mai jinya ko ɗaya da ta warkar ba, in ban da Gwaggo, ita ma shaidar bakinta ce.

Za a binne ta gobe da hantsi a bayan garken awaki, da zurfi, don kada kwalbar ta yanki yara. Ba a buƙatar maza. Zaman gaisuwa a ɗakina ne bayan la'asar, za a sami zoɓo da ƙanƙara mai tauri, kuma kowace ta zo da abin da ta ji tun daga watan da ta daina zuwa gidana. Mutawakkil ya aiko cewa zai nemi a turo mashi ƙanwar marigayiya. Na aika mashi cewa firjin ya shiga takaba, ba ya karɓar baƙuwa sai ya fita, kuma ni ce mai ƙirga kwanakin.