Rasuwar Gilashin Kaka Muntari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da bai huce ba, Hajiya Huraira ta unguwar Bron a Liyon, ƙasar Faransa, tana sanar da 'yan'uwa na Liyon da Faris rasuwar gilashin hoton kakanta, Muntari, sojan Faransa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An haifi marigayin a ɗakin wani mai hoto a Faris, zamanin yaƙin Jamus na fari, lokacin da ake ɗaukar hoto a kan gilashi kafin a fitar da shi a takarda. Ya bi Muntari har Damagaram. Gara ta ci takardar, shi ya rage, har Hajiya ta gaje shi ta taho da shi Faransa. Mai haƙuri ne, ba a jin bakinsa sai ɗan ƙwas-ƙwas cikin gwangwanin biskit in an ɗaga shi. Aibinsa guda, komi a juye yake nunawa: fuskar kaka fara fat, farin idonsa baƙi ƙirin. Hajiya ba ta tarar da kakan ba. Burinta ta ga fuskarsa baƙa, yadda Allah ya yi ta, tun idonta bai ƙarasa mutuwa ba.

Ciwon ajali ya same shi a shagon wani mai hoto, Mushe Alain. Da ɗan Faransancinta Hajiya ta ce a wanke mata. Ko yaro ya san wankin hoto: a fito da shi a takarda. Amma wannan ƙato, mai shagon hoto guda, sai ya ɗauko ruwan zafi da tsumma. Fuskar ta bi tsumma.

Marigayin ya bar gwangwaninsa, da zanen da ake naɗe shi, da takalmin kaka na hagu a can ƙasan gilashi, da jikoki da tattaɓa-kunne waɗanda ba za su san kamannin kakansu ba.

Mushe Alain ya ce ai ita ta ce a wanke, har ya miƙo mata sabon gilashi kyauta. Wa za ta sa a ciki? Hajiya ba kyauta take so ba. Tsumman take so, fuskar kakanta na ciki, kuma ba a binne mutum ba fuska.

Don haka an ɗage jana'iza. Zaman makoki a ƙofar shagon, daga Juma'a bayan masallaci. Kowa ya zo da tabarmarsa da rigar sanyi. Ba mai tashi sai an fito da tsumma.